Tsarewa, Beli da Umarnin Gaggawa: Yadda Za Ka Gane Kotun da Ke da Hurumi Kafin Ka Doshi Kotun Ɗaukaka Ƙara

Idan aka kama mutum aka kulle, ko alƙali ya tura shi gidan gyaran hali aka yi ta ɗage shari'a, maganar da ta fi saurin fitowa daga bakin dangi ita ce: "Mu wuce gaba, mu kai Kotun Ɗaukaka Ƙara." Gani ake tunda ita ce babba, da ta buɗe baki ƙofa za ta buɗe. A dokar Najeriya ba haka abin yake ba. Kotun Ɗaukaka Ƙara ba ta karɓar sabon kuka. Aikinta shi ne duba hukuncin da wata kotu ta riga ta yanke. Wanda ya je mata kai tsaye yana neman umarnin gaggawa, korar takardarsa za a yi saboda rashin hurumi, bayan an kashe kuɗi, an ɓata watanni, ɗan'uwan nasa kuwa yana nan a kulle. Wannan asarar tana ci mini rai, domin ba rashin gaskiya ke jawo ta ba, rashin sanin ƙofa ne.

Umarnin da ake magana a kansu

Guda huɗu ne, kuma daga dokar Ingila muka gaje su. Na farko shi ne umarnin a gabato da wanda ake tsare da shi gaban alƙali, a bayyana dalilin tsarewar, in babu dalili na doka a sake shi. Lauyoyi na kiransa habeas corpus. Majalisar Ingila ta ƙarfafa shi da doka ta musamman a 1679. Darajarsa ta fito fili a nan gida lokacin mulkin soja, har gwamnatin Janar Sani Abacha ta yi Dokar Soja ta 14 a 1994 don hana kotuna bayar da shi a kan waɗanda aka tsare da sunan tsaron ƙasa. Na biyu, mandamus, umarni ne na tilasta wa jami'i ko ƙaramar kotu yin aikin da doka ta ɗora musu suka ƙi yi. Na uku, certiorari, yana janyo hukuncin ƙaramar kotu zuwa babba domin a soke shi, idan ta wuce huruminta ko ta hana mutum damar kare kansa. Na huɗu umarnin hani ne, wanda ke tsayar da ƙaramar kotu tun kafin ta yanke hukunci a kan abin da ba nata ba.

Dukkansu gidansu ɗaya: Babbar Kotu, ta jiha ko ta Birnin Tarayya ko ta Tarayya.

Inda aka ja wa Kotun Ɗaukaka Ƙara iyaka

Kotu ba ta ɗaukar hurumi don ta ga an zalunci mutum. Kundin tsarin mulki ko wata doka ce ke ba ta, kuma abin da ba a ba ta ba, ko ɓangarori biyu sun amince, ba za ta iya taɓa shi ba.

Sashe na 239 na kundin tsarin mulkin 1999 ya faɗi abu ɗaya tak da ake fara shigarwa a Kotun Ɗaukaka Ƙara: takaddama kan kujerar Shugaban Ƙasa da Mataimakinsa, wato ko an zaɓe su bisa ƙa'ida, ko wa'adinsu ya ƙare, ko kujerar ta zama babu kowa. Daga nan sai sashe na 240, wanda ya lissafa kotunan da take sauraron ƙara daga gare su: Babbar Kotun Tarayya, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, Babbar Kotun Abuja, Manyan Kotunan jihohi, Kotunan Ɗaukaka Ƙara na Shari'a da na Al'ada, da kotun soja. Ka lura, babu kotun majistare a jerin, babu Kotun Shari'ar Musulunci ta unguwa, balle ofishin 'yan sanda. Kotun Ƙoli ma an ɗaure ta da irin wannan igiya, domin sashe na 232 ya faɗa ƙarara cewa ba za a ba ta ikon fara sauraron wata shari'ar laifi ba.

A ɗaya gefen, sashe na 46 ya ce duk wanda ke ganin an tauye masa haƙƙinsa na ɗan'adam, ko ana cikin tauyewa, ko ana shirin tauyewa, ya tafi Babbar Kotu a jihar da abin ya faru. Sashen ya ba ta ikon fitar da duk umarnin da ya dace. Sashe na 272 kuma ya ba Babbar Kotun jiha ikon sa ido a kan ƙananan kotuna.

Ba mu kaɗai ke da wannan tsari ba. A Amurka, a shari'ar da aka yanke a 1803, William Marbury ya tafi Kotun Ƙoli kai tsaye yana neman a tilasta wa Sakataren Harkokin Waje James Madison ya ba shi takardar naɗinsa. Alƙalin Alƙalai John Marshall ya yarda mutumin yana da gaskiya, amma ya ce kotun ba ta da hurumin fara sauraron irin wannan buƙata. Haka Marbury ya fita hannu rabbana.

Wani lauya zai iya nuna maka sashe na 15 na Dokar Kotun Ɗaukaka Ƙara, wanda ya ba ta ikon yin duk abin da kotun farko za ta iya yi. Gaskiya ne, amma wannan iko ba ya motsi sai akwai ɗaukaka ƙara sahihiya a gabanta. Idan babu, sashen bai da amfani gare ka.

Mataki na farko: tantance wa ke riƙe da mutumin, kuma da wace takarda

Komai a kan wannan tambaya yake tsaye. Kafin ka biya ko sisi, ka samo amsarta.

Idan yana hannun 'yan sanda ko wata hukumar tsaro ba tare da takardar kotu ba, kundin tsarin mulki yana tare da kai sosai. Sashe na 35 ya ce a sanar da shi dalilin kamun a rubuce cikin awa 24, a harshen da yake ji. A kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu mai hurumi a tazarar kilomita 40, in babu, kwana biyu ko abin da kotu ta ga ya dace. Sai dai sashen ya cire wanda ake zargi da laifin da hukuncinsa kisa ne daga wannan wa'adi. Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015 ta ƙara da cewa ba a kama wani a madadin wani, don haka ɗauko uba ko mata saboda ba a ga yaro ba haramun ne a sashe na 7. Sashe na 8 kuma ya hana kama mutum kan bashi ko saɓa yarjejeniyar ciniki.

Idan majistare ne ya sa hannu a ajiye shi kafin a kammala bincike, to tsarewar tana da takarda, amma takardar tana da wa'adi. A dokar tarayya kwana 14 ne a karon farko, ana iya ƙara wasu 14, daga nan dole hukuma ta zo ta faɗi dalilin ci gaba da riƙe shi. Jihohi suna da nasu dokokin, kamar ta Kaduna ta 2017 da ta Kano ta 2019, kuma adadin kwanakin kan bambanta, saboda haka a duba ta jiharka. Mutane da yawa da ke zaman jiran shari'a wa'adin takardarsu ya daɗe da ƙarewa, babu wanda ya duba.

Idan kuma shari'a ce ke gudana, ko an riga an yanke hukunci, sai ka rubuta sunan kotun, lambar shari'ar, sunan alƙali da ranar zama na ƙarshe. Ka nemi kwafi mai hatimi na takardar tuhuma da na duk umarnin da aka bayar daga ofishin magatakardan kotu. Kwafin da babu hatimi da sa hannun jami'i ba ya zama hujja a gaban wata kotu.

Mataki na biyu: gwada gajerun hanyoyi

Kafin babbar ƙara, akwai abubuwan da kan yi aiki cikin kwanaki. Sashe na 32 na dokar 2015 ya ba da damar a sanar da kotu idan an riƙe mutum fiye da awa 24 ba beli a laifin da ba na kisa ba, kotun kuma ta sa a kawo shi. Sashe na 34 ya ɗora wa babban majistare ziyartar ofisoshin 'yan sanda na yankinsa aƙalla sau ɗaya a wata, yana iya duba littafin kamu ya bayar da beli nan take. Babban Jojin jiha yana zagaya gidajen yari yana sakin waɗanda zamansu ya saɓa wa doka, don haka a rubuta masa takarda da cikakken bayani kafin lokacin zagayen. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya ya nufi ofishin Hukumar Ba da Tallafin Shari'a ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa a babban birnin jiharsa.

Mataki na uku: shigar da buƙatar kare haƙƙi a Babbar Kotu

Nan ne zuciyar aikin, kuma nan ya kamata kuɗinka da ƙarfinka su tafi. A yau yawancin abin da a da ake nema da habeas corpus ana nemansa ne ta ƙa'idojin tabbatar da haƙƙin ɗan'adam da Alƙalin Alƙalai Idris Legbo Kutigi ya fitar, waɗanda suka fara aiki ranar 1 ga Disamba 2009. Sun sauƙaƙa abubuwa ƙwarai. Ba a buƙatar neman izinin kotu kafin a shigar. Babu wa'adin da ke kashe ƙarar don an daɗe ba a kawo ta ba. Kuma ba a korar ta don wanda ya kawo ba shi ne aka zalunta ba, saboda haka mata, uba, ɗan'uwa ko ƙungiya na iya tsayawa.

Takardun da lauya zai haɗa su ne: takardar buƙata, bayanin mai nema da abin da yake so kotu ta yi da dalilansa, takardar rantsuwa, da rubutacciyar hujjar lauya. Takardar rantsuwar ita ce gadon bayan ƙarar, domin galibi ba a kiran shaidu, da ita alƙali zai yi hukunci. Idan mutumin yana kulle, wanda ya ga abin da idonsa ko wanda ya ji daga bakinsa zai iya rantsewa. A nan ne nake roƙon dangi su dage. Kada a rubuta "an daɗe da kama shi". A rubuta rana, lokaci, wurin kamun, ofishin da aka kai shi, wanda aka gani a can, ranakun da aka je neman beli da amsar da aka samu. Idan yana da ciwo, a haɗa da takardar asibiti. Kada a ƙara gishiri, domin ƙarya ɗaya da ɗaya ɓangaren ya kama tana iya rusa sauran gaskiyar.

Ƙa'idojin sun ce a sa ranar sauraro cikin kwana 7 da shigarwa, wanda ake ƙara kuma yana da kwana 5 ya mayar da martani bayan an kai masa takardu. Idan rai ko 'yancin mutum na cikin haɗari, ana iya roƙon alƙali ya saurari ɓangare ɗaya tun kafin a kai sammaci, ya ba da umarnin a gabato da shi ko a ba shi beli na wucin gadi. Ka tambayi lauyanka kai tsaye: "Barista, mun haɗa da takardar gaggawa?" Sannan ka bi sawun kai sammacin da kanka. Shari'o'i da yawa a nan suke maƙalewa, a zo kotu a ce ba a kai wa hukuma takarda ba, a sake ɗagewa.

Wace Babbar Kotu, ta jiha ko ta Tarayya? A shari'ar Grace Jack da Jami'ar Aikin Gona ta Makurɗi a 2004, Kotun Ƙoli ta ce dukansu biyu suna da hurumi kan haƙƙin ɗan'adam. Amma akwai tarko. A shari'ar Alhaji Umaru Abba Tukur, Sarkin Muri da aka sauke, da Gwamnatin Gongola a 1989, kotun ta ce Babbar Kotun Tarayya ba ta da hurumi, domin ainihin rigimar ta sarauta ce, tauye haƙƙin reshe ne kawai. Darasin shi ne tsarewar ta zama ita ce jigon ƙararka, kada a cusa rigimar fili ko gado ko bashi a ciki. Kuma a shigar a jihar da abin ya faru.

Ka san abin da wannan hanya ba ta yi. Kotuna sun sha faɗa cewa ba za su zama garkuwar hana binciken laifi ba. Za su hana a tsare ka ba bisa ƙa'ida ba, za su iya sa a biya diyya a kuma nemi gafara a bainar jama'a kamar yadda sashe na 35 ya tanada, amma ba za su hana 'yan sanda gayyatarka ko gurfanar da kai ba.

Wanda ke shakkar ƙarfin Babbar Kotu ya tuna Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a Majalisar Dokokin Borno, wanda gwamnatin tarayya ta kora zuwa Chadi a Janairun 1980 da cewa ba ɗan ƙasa ba ne. A Babbar Kotun Maiduguri aka fara, kuma a can ya yi nasara. Gwamnati ce ta koma tana ɗaukaka ƙara.

Mataki na huɗu: idan matsalar daga ƙaramar kotu take

A ce majistare ya ci gaba da sauraron laifin da ya fi ƙarfin huruminsa, ko ya yanke hukunci ba tare da jin ta bakin wanda ake tuhuma ba, ko ya ƙi sauraron buƙatar beli gaba ɗaya. Hanya biyu ce, duka a Babbar Kotu: ɗaukaka ƙara, ko neman umarnin sokewa, hani ko tilastawa.

Bambancinsu yana da muhimmanci. Umarnin sokewa ba ya tambayar ko alƙali ya auna shaidu daidai. Tambayarsa ita ce ko yana da hurumi, ko ya bi ƙa'idar adalci, ko akwai kuskuren doka da ke bayyane a rubutun shari'ar. Idan kukanka shi ne "shaidun nan ƙarya suka yi", wannan na ɗaukaka ƙara ne, kuma daga majistare galibi kwana 30 gare ka. Su waɗannan umarni sai an fara neman izinin Babbar Kotu, kuma yawancin ƙa'idojin kotuna sun sa wa'adin wata uku. Ba dole ba ne alƙali ya bayar, yana duba ko akwai wata hanyar da ta wadatar, da ko mai nema ya yi sakaci.

Umarnin tilastawa yana da nasa sharaɗin: sai ka nuna ka nemi a yi aikin an ƙi. Saboda haka ka rubuta takarda, ka sa a buga hatimin karɓa a kwafinka, ka adana. Kuma yana tilasta wa jami'i ya yanke shawara ne, ba ya zaɓa masa wadda zai yanke. Bayan kisan ɗan jarida Dele Giwa da bam ɗin wasiƙa ranar 19 ga Oktoba 1986, lauya Gani Fawehinmi ya nemi a tilasta wa Daraktan Gabatar da Ƙararraki na Legas ya bayyana ko zai gurfanar da wasu manyan jami'an tsaro biyu ko zai bar shi ya yi da kansa. A Babbar Kotun Legas ya fara, ta ƙi. Ya je Kotun Ɗaukaka Ƙara, ta ƙi. Sai a Disambar 1987 Kotun Ƙoli ta ce yana da 'yancin neman. Lauya mai zafi irin Gani ma matakala ya bi. Shi ɗin dai a 2002 Kotun Ƙoli ta ƙi ba shi umarnin tilasta wa Sufeto Janar yin wani bincike, ta ce 'yan sanda suna da damar auna abin da za su bincika. Haka nan ikon Antoni Janar na janye ƙara, tun shari'ar Ilori a 1983 aka ce kotu ba ta bincikarsa.

A jihohinmu masu Shari'a akwai ƙarin lura. Sashe na 277 na kundin tsarin mulki ya taƙaita Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ga al'amuran iyali na Musulunci: aure, saki, riƙon yara, gado, wasiyya, waƙafi da kyauta. Bayan 2000 wasu jihohi sun ba ta sauraron shari'o'in laifi, kuma ita ce ta wanke Safiya Hussaini a Sakkwato a 2002 da Amina Lawal a Katsina a 2003. Daga baya Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke cewa dokar jiha ba ta iya faɗaɗa abin da kundin tsarin mulki ya taƙaita. A Kano, ƙarar laifi daga Babbar Kotun Shari'ar Musulunci sashen ɗaukaka ƙara na Babbar Kotun jiha take zuwa. Kafin ka shigar, lauyanka ya tabbatar maka da inda ta dace a jiharku, domin hukuncin da kotu marar hurumi ta ba ka, ko ya yi maka daɗi, rusa shi za a yi a sama.

Mataki na biyar: idan Babbar Kotun ce da kanta ke shari'ar

A nan umarnin sokewa da na hani sun daina aiki. Daga sama suke sauka zuwa ƙananan kotuna, Babbar Kotu kuwa ba ƙarama ba ce, kuma wata Babbar Kotu ba ta soke hukuncin takwararta. Kotun Ɗaukaka Ƙara ma ba ta aika mata irin wannan umarni. Hanya ɗaya ce: a sa ta yanke hukunci a kan buƙatarka, sannan a ɗaukaka ƙara a kan hukuncin. Idan alƙali ya hana beli, wannan hukunci ne da ya shafi 'yancin mutum, kuma sashe na 241 na kundin tsarin mulki ya ba da damar ɗaukaka ƙara ba tare da izini ba.

Amma kada kowa ya yi maka alkawarin tsayar da shari'ar har a gama a sama. Shekaru da dama manyan mutane sun yi amfani da wannan dabara suna jan shari'a har a manta da ita, sai sashe na 306 na dokar 2015 ya ce ba za a saurari buƙatar dakatar da shari'ar laifi ba. A 2017, a shari'ar Olisa Metuh, Kotun Ƙoli ta tabbatar da sashen. Sashe na 396 kuma ya ce ƙorafi kan ingancin tuhuma a riƙe hukuncinsa sai ranar yanke shari'a. A ganina gyaran ya dace, ko da yake yana da ɗaci ga wanda tuhumarsa ba ta da tushe tun farko, domin sai ya jure har ƙarshe.

Idan alƙali ne ke jan ƙafa ba dalili, a rubuta wa Babban Joji, wanda ke da ikon sauya wa shari'a hannu. Ƙorafin rashin ɗa'a a kan alƙalin Babbar Kotu Majalisar Shari'a ta Ƙasa yake zuwa, na majistare da alƙalan ƙananan kotuna kuma Hukumar Kula da Ma'aikatan Shari'a ta jiha. Waɗannan suna ladabtar da alƙali, amma ba sa canza hukuncinsa.

Mataki na shida: shiga Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ƙofarta

Yanzu kana da hukuncin Babbar Kotu a hannu. Fara da ƙirga kwanaki. A shari'ar laifi kwana 90 ne daga ranar hukunci. Ƙarar kare haƙƙi da ta neman umarnin tilastawa kuwa ba a lissafa su cikin shari'ar laifi, ko da daga kamu suka samo asali, don haka wata uku ne idan hukuncin ƙarshe ne, kwana 14 kacal idan na tsakiyar shari'a ne. Shawarata, duk inda aka yi shakka, a shigar cikin kwana 14. Idan wa'adi ya wuce, sai an roƙi ƙarin lokaci, a kawo dalili mai ƙarfi na jinkirin, a kuma nuna ƙarar tana da abin dubawa.

Sanarwar ɗaukaka ƙara a ofishin magatakardan kotun da ta yanke hukuncin ake shigar da ita. A shari'ar laifi kowane mai ƙara ya yi tasa daban, kuma abin da ya fi aminci shi ne ya sa hannu ko ya dangwala da kansa. A 2007 Kotun Ƙoli ta ce ƙarar Ralph Uwazuruike da mutanensa ba ta inganta ba, saboda lauya ne ya sa hannu a sanarwa ɗaya a madadinsu duka.

Sai batun izini. Hukuncin ƙarshe na Babbar Kotu a shari'ar da ta fara a gabanta, hukuncin kisa, batun doka zalla, fassarar kundin tsarin mulki da tauye haƙƙin ɗan'adam, duk ba sa buƙatar izini. Sauran, sashe na 242 ya ce sai da izini. Wanda ya taso daga majistare ya biyo ta Babbar Kotu ya kula da wannan, domin idan dalilansa sun haɗa da auna shaidu bai nemi izini ba, za a watsar da su. Kuma a shari'ar laifi wanda aka tuhuma ko mai gabatar da ƙara ne ke ɗaukakawa. Wanda aka yi wa laifin, ko hukuncin ya ƙona masa rai, sai dai ya kai kukansa ga Antoni Janar.

Daga nan ka matsa a haɗa kundin shari'ar a aika sama. Nan ne ƙararraki suke kwana shekaru, kuma yawanci sai dangi sun yi ta zirga-zirga. Da kundin ya isa aka ba shi lamba, mai ƙara yana da kwana 45 ya shigar da rubutacciyar hujjarsa, ɗaya ɓangaren kwana 30. Alƙalai aƙalla uku ne ke zama, kuma akwai rassa a Kaduna, Kano, Sakkwato, Jos, Yola, Gombe da Abuja, kowanne da jihohin da ke ƙarƙashinsa.

A wannan gaɓa ce ikon kotun ke buɗewa. Tana iya ba da beli kafin a gama sauraro, amma ƙa'ida ita ce a fara nema a kotun ƙasa, kuma bayan an samu mutum da laifi sai da dalili na musamman, kamar ciwo mai tsanani da gidan yari ba zai iya kula da shi ba, ko hukunci gajere da zai ƙare kafin a saurari ƙarar. Ga wanda aka yanke wa kisa, shigar da sanarwar kaɗai kariya ce. A shari'ar Nasiru Bello a 1986, Kotun Ƙoli ta ce Gwamnatin Oyo ta saɓa doka da ta zartar masa da hukunci alhali ƙararsa na jiran sauraro. Idan an faɗi a nan, kwana 30 ne zuwa Kotun Ƙoli a shari'ar laifi.

Abu ɗaya da iyalan fursunoni ke yawan tambaya: bayan kotu mai hurumi ta ɗaure mutum, za a iya fito da shi da habeas corpus? A'a. Zamansa yana bisa hukunci, kuma hukunci ɗaukaka ƙara ce ke warware shi. Umarnin yana dawowa ne idan wa'adin ɗaurin ya cika ba a sake shi ba, shi ma a Babbar Kotu. Idan an ƙure kotuna, saura afuwar Gwamna a sashe na 212 na kundin tsarin mulki ga laifin jiha, ko ta Shugaban Ƙasa a sashe na 175 ga laifin tarayya.

Mataki na bakwai: idan an samu umarni aka ƙi bi

Karɓo kwafin umarnin mai hatimi a ranar ko washegari, a kai wa shugaban wurin da ake tsare da mutumin ta hannun ma'aikacin kotu, a ajiye shaidar kaiwa. Sashe na 287 na kundin tsarin mulki ya wajabta wa kowace hukuma bin hukuncin kotu, kuma shigar da ɗaukaka ƙara kaɗai ba ya dakatar da umarni sai an samu takardar dakatarwa. Idan an yi kunnen ƙashi, lauya ya koma kotun da ta ba da umarnin ya fara shari'ar raina kotu: Fom 48 na gargaɗi, sannan Fom 49 na kiran jami'in ya faɗi dalilin da ba za a ɗaure shi ba. A rubuta sunan jami'in da muƙaminsa daidai, a kuma miƙa masa hannu da hannu, domin kotu ba ta ɗaure mutum kan raina ta sai an cika kowace ƙa'ida. Idan akwai diyya da za a cire daga asusun hukuma, sashe na 84 na dokar zartar da hukunci yana neman amincewar Antoni Janar a kan kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati, don haka a fara da fito da mutumin, batun kuɗi ya biyo baya.